Yadda Ake Soke Tafiyar Jirgin Ruwan Shaƙatawa Daga Abuja Ba Tare da Kuɗi Sun Nutse Ba

Cikin hajar da kamfanonin shirya tafiye-tafiye na Wuse da Garki da Maitama suke tallatawa yanzu akwai hutun mako guda a cikin katafaren jirgin ruwa, wanda otal ne mai tafiya a kan teku: ya kwana yana ratsa ruwa, gari ya waye ya tsaya a wata ƙasa. Ana yi wa mai saye bayanin abinci da ɗaki da biranen da za a gani, amma ba a cika zaunar da shi a faɗa masa makomar kuɗinsa idan tafiyar ba ta yiwu ba. Ga mazaunin Abuja kuwa, abubuwan da za su iya hana ta yiwuwa sun fi na Bature yawa, domin waɗannan jirage ba daga Legas ko Fatakwal suke ɗaukar fasinja ba. Dole mutum ya nemi biza, ya hau jirgin sama daga filin Nnamdi Azikiwe zuwa Barselona ko Jenowa, ko Dubai, ko Durban, ko Miyami, ko Jidda inda kamfanin Aroya na Saudiyya ya fara jigila a Disambar 2024. Kowace gaɓa a nan tana iya tsinkewa, kamfanin jirgin ruwa kuma ba ya ɗaukar ko ɗaya daga cikinsu a matsayin laifinsa.

Mataki na farko: ka san da wa ka ƙulla ciniki

Kafin ka fitar da ko sisi, ka tambayi ejan ɗinka tambaya ɗaya, ka kuma nemi amsar a rubuce: a ƙarƙashin sharuɗɗan wace ƙasa za a yi mini rajista? Kamfani ɗaya, irin su MSC ko Royal Caribbean ko Costa, yana da sharuɗɗa daban ga wanda ya saya ta ofishinsa na Amurka, daban ga na Birtaniya, daban ga na Afirka ta Kudu. Mutum biyu za su iya kwana a ɗakuna maƙwabta a jirgi ɗaya, amma idan suka soke a rana ɗaya a mayar wa ɗaya rabin kuɗinsa, ɗayan a ba shi rubu'i. Saboda haka jadawalin tarar sokewa da ka gani a intanet ba lallai ne ya zama naka ba. Naka shi ne wanda yake maƙale da takardar tabbacin rajistarka, mai ɗauke da sunanka da lambar rajista ta kamfanin jirgin. Idan abin da ejan ya ba ka rasit ɗin ofishinsa ne kawai, ba ka riƙe komai ba tukuna. Ka kuma tambaye shi nawa ne ladan ofishinsa idan an soke, domin ejan da yawa suna cire nasu dabam bayan abin da kamfanin jirgi ya cire.

Mataki na biyu: kafin alƙalami iri biyu ne

Ba a biyan kuɗin tafiyar gaba ɗaya a ranar farko. Ana ba da kafin alƙalami ne a kama ɗaki. Akwai wanda ake mayarwa idan ka fasa da wuri, akwai kuma wanda ba a mayarwa ko da washegari ka fasa. Farashin da ya fi araha a talla galibi na biyun ne. Ga wanda yake da biza mai dogon wa'adi a fasfonsa, wannan rangwame riba ce. Ga wanda bai riga ya samu biza ba, shawarata ita ce ya ƙara ɗan abin da ake ƙarawa ya ɗauki wanda ake mayarwa, domin arahar farko ita ce take zama tsadar ƙarshe a ranar da ofishin jakadanci ya dawo masa da fasfo babu tambari.

Mataki na uku: ranar cikon kuɗi da jadawalin tara

Wannan ita ce ranar da ta fi ranar tashi muhimmanci ga aljihunka. Kamfanoni da yawa suna neman a kammala biya tsakanin kwana 75 zuwa 120 kafin tashi, gwargwadon kamfanin da tsawon tafiyar, kuma daga wannan rana ne tara take fara hawa mataki-mataki. Ga irin jadawalin da ake gani a wasu manyan kamfanonin Amurka ga tafiyar da ta kai dare biyar: wanda ya soke saura kwana 90 ko fiye ba ya asarar komai sai kafin alƙalamin da ba a mayarwa, daga kwana 89 zuwa 75 ana riƙe kashi 25 cikin ɗari, daga 74 zuwa 61 ana riƙe rabi, daga 60 zuwa 31 ana riƙe kashi 75, wanda ya kai saura kwana 30 ya rasa duka.

Bari mu ɗora shi a kan misali. Miji da mata sun kama ɗaki a tafiyar da za ta tashi ranar 20 ga Disamba, kuɗin ɗakin dala 2,400. Idan aka ƙirga baya, kwana 90 ya faɗa a ranar 21 ga Satumba. Idan suka soke a wannan rana sun tsira da kuɗinsu. Idan suka bari sai 22 ga Satumba, dala 600 ta tafi. Daga 7 ga Oktoba asarar ta zama 1,200, daga 21 ga Oktoba ta zama 1,800, daga 20 ga Nuwamba kuma babu abin da zai dawo daga kuɗin ɗakin. Dubi yadda kwana ɗaya tak, tsakanin 6 da 7 ga Oktoba, yake cin dala 600. Don haka ka zauna da kalanda a ranar da ka biya kafin alƙalami, ka rubuta waɗannan ranaku, ka sa wayarka ta tuna maka kwana uku kafin kowacce. Kwana ukun suna da dalili: ranar da ake lissafi da ita ita ce ranar da kamfanin jirgi ya karɓi sanarwar sokewa a lokutan aikinsa, ba ranar da ka aika wa ejan saƙon WhatsApp ba. Saƙon da ka tura da yammacin Juma'a yana iya kwana har Litinin kafin a shigar da shi, a lokacin kuwa ka riga ka faɗa matakin gaba.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba sa nema saboda ba su san haƙƙinsu ba ne. Kuɗin da ka biya ba duka ne kuɗin ɗaki ba. A ciki akwai harajin tashoshin ruwa da na gwamnatoci, akwai ladan ma'aikata idan ka biya shi tun farko, akwai kuɗin yawon gari da na intanet da na abin sha. A yawancin kamfanoni waɗannan suna dawowa ko da tara ta cinye kuɗin ɗaki gaba ɗaya, tunda ba a yi amfani da su ba. Shi ya sa ko ana gobe tashi ne ya fi kyau ka sanar a rubuce cewa ba za ka zo ba, maimakon ka yi shiru.

Mataki na huɗu: ka daidaita biza da wannan jadawali

A nan ne mutanenmu suka fi yin asara, kuma a nan nake so mai karatu ya fi natsuwa. Hana biza ba uzuri ba ne a wajen kamfanin jirgin ruwa. Sharuɗɗansu suna cewa samun takardun tafiya nauyin fasinja ne, wanda ya zo bakin jirgi babu cikakkun takardu za a hana shi hawa ba tare da an mayar masa da komai ba. Na san wani magidanci a Gwarinpa da ya cika kuɗin iyalinsa su biyar yana jiran biza, amsa ta zo saura mako uku, kuma ba ta zo da alheri ba. Harajin tashoshi kaɗai ya dawo masa.

Dabarar ita ce amsar biza ta riga ranar cikon kuɗi zuwa. Dokar bizar Shengen, wato bizar bai ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai, ta yarda a shigar da buƙata tun saura wata shida, ana kuma yanke hukunci cikin kwana 15 a bisa ƙa'ida, ko da yake yana iya kaiwa 45. A misalinmu na 20 ga Disamba, ƙofa tana buɗewa tun 20 ga Yuni. Wanda ya nemi ranar ganawa da wuri ya shigar a Yuli zai san matsayinsa kafin 21 ga Satumba, idan an hana shi sai ya soke, asararsa ta tsaya a kan Yuro 90 na biza da kuɗin cibiyar karɓar takardu. Wanda ya bari sai Oktoba kuwa ya jingina dubban daloli a kan hukuncin da ba a hannunsa yake ba.

Ka kuma duba irin bizar. Jirgin da ya tashi daga Italiya ya tsaya a Tunisiya ko Turkiyya sannan ya dawo ya fita daga yankin Shengen ya sake shiga, don haka biza mai shiga sau ɗaya ba za ta wadatar ba. Haka tafiyar tsibiran Karebiyan da take fita daga Miyami ta Amurka ta dawo Miyami, ga shi kuma sharuɗɗan bizar Amurka ga 'yan Najeriya sun tsananta tun 2025. Ana iya neman ka nuna bizar ƙasar da jirgi zai tsaya ko da ba ka da niyyar sauka. Fasfo ya kasance yana da sauran wata shida bayan ranar dawowa. Mai juna biyu da za ta shiga mako na 24 kafin a gama tafiyar ba a ɗaukarta, jaririn da bai kai wata shida ba shi ma haka, kuma duk waɗannan ana lissafa su cikin sakacin fasinja ne.

Makara ma haka take. Jirgin ruwa ba ya jiran kowa, kuma wanda ya san yadda hazon hunturu yake tsayar da jiragen sama a Disamba da Janairu ba zai shirya isa tasha a ranar tashi ba. Ka isa birnin ana gobe, ko ma ana jibi.

Mataki na biyar: inshora

Inshorar da ake saya don cika sharaɗin bizar Shengen, mai ɗaukar nauyin jinya har Yuro 30,000, ta rashin lafiya ce a can. Ba lallai ne ta biya ka kuɗin tafiyar da ka soke ba. Abin da kake buƙata shi ne wadda ta ambaci soke tafiya ƙarara, kuma ka karanta jerin dalilan da ta amince da su. Galibi su ne rashin lafiya mai tsanani da likita ya tabbatar, da haɗari, da rasuwar makusanci. Ka duba ma'anar makusanci a takardar, domin a wajenmu kawu da gwaggo da suruki duk gida ne, amma takardar tana iya tsayawa a kan iyaye da 'ya'ya da miji ko mata. Ciwon da mutum yake da shi tun kafin ya saya, kamar hawan jini ko ciwon suga, yawanci ana cire shi sai an bayyana shi an amince. Hana biza ma sau da yawa ba ya ciki, sai ka tambaya musamman. Akwai nau'in da yake ba ka damar sokewa bisa kowane dalili, yana mayar da rabi zuwa kashi 75, amma ana sharɗanta a saye shi cikin makonni biyu zuwa uku bayan kafin alƙalami, kuma da yawansu ba a sayar wa mazaunin Najeriya. Wanda yake da damuwa ta addini game da inshora yana iya tuntuɓar kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ba lasisi.

Mataki na shida: idan kai ne za ka fasa

Kafin ka soke, ka tambaya ko za a iya ɗage ranar ko a sauya suna a sa wani ɗan'uwa, domin kuɗin sauyi sau da yawa bai kai tara ba. Idan mutum ɗaya ne cikin biyu zai fasa, a lissafa da kyau: farashin ɗaki na mutum biyu ne, wanda ya rage ana iya neman ya cike giɓin. Idan sokewar ta zama dole, ka rubuta imel zuwa ga ejan, ka sa kamfanin jirgi a kwafi, ka ambaci lambar rajista da sunaye da ranar tashi, ka nemi takardar sokewa da ta nuna abin da aka riƙe da abin da zai dawo, ɗaya bayan ɗaya. Tikitin jirgin sama da otal da ka saya dabam kowanne da nasa sharaɗin, sai ka bi su ɗaiɗai.

Mataki na bakwai: idan kamfani ne ya soke ko ya sauya hanya

Ga ƙa'idar da ta fi kowacce amfani: wanda ya fara furta sokewa shi ne yake ɗaukar asara. Idan ka ji ana rikici ko annoba a yankin da za ku bi, ka yi gaggawar sokewa, jadawalin tara ne zai hau kanka. Idan ka daure har kamfani ya soke da kansa, kuɗinka cikakke ne. Mun ga haka a 2020, bayan killace jirgin Diamond Princess a Yokohama ta Japan a Fabrairu da umarnin dakatar da tashi da hukumar lafiya ta Amurka ta bayar a Maris. Mun sake gani a 2024, lokacin da hare-hare a Bahar Maliya suka sa kamfanoni suka soke tafiye-tafiyen da za su ratsa mashigin Suwez. Daurewar dai tana da iyaka: idan ba ka kai ranar cikon kuɗi ba, ka auna kafin ka zuba sauran.

Sokewa dabam, sauya hanya dabam. Yarjejeniyar fasinja ta ba matuƙin jirgi ikon tsallake wata tasha ko musanya ta saboda yanayi ko tsaro, ba tare da diyya ba, sai dai a mayar da harajin tashar da kuɗin yawon garin da ka saya a wajensu. Wannan ya fi faruwa a Karebiyan tsakanin 1 ga Yuni da 30 ga Nuwamba, lokacin guguwar tekun Atlantika. Wanda birni ɗaya ne ya ja shi ga tafiyar, gara ya je birnin ta jirgin sama.

Dokokin da za su tsaya maka sun danganta da inda ka saya da inda jirgi ya tashi. Idan ta Tarayyar Turai aka sayar maka, dokar haɗaɗɗiyar tafiya ta 2015, wadda ta fara aiki a Yulin 2018, ta ce a mayar da kuɗi cikin kwana 14 idan mai shirya tafiya ya soke, ta kuma ba ka damar janyewa ba tara idan an ƙara farashi fiye da kashi 8 cikin ɗari, ko an yi babban sauyi, ko wani bala'i da ba a iya kauce masa ya auku a inda za a je. Birtaniya tana da irin wannan doka ta 2018. Idan daga tashar Amurka jirgin zai tashi, ƙa'idar hukumar sufurin ruwa ta ƙasar ta 2022 ta ɗauki sokewa ko jinkirin kwana uku ko fiye a matsayin rashin cika alƙawari, kuma fasinjan da bai amince da madadin ba yana da haƙƙin kuɗinsa. Ƙungiyar manyan kamfanonin, CLIA, ita ma ta yi alƙawari tun 2013 cewa za a mayar da kuɗi duka idan lalacewar inji ce ta hana tafiya, ko wani ɓangare idan ta katse ta a tsakiya.

Mataki na takwas: tsabar kuɗi ko takardar ajiya

Idan kamfani ya soke, zai so ka karɓi takardar ajiyar kuɗi da za ka yi wata tafiya da ita nan gaba, har ya ƙara mata armashi. A lokacin korona da yawa sun ba da kashi 125 a takarda a maimakon kashi 100 a hannu. Ga mutumin Abuja ina ganin tsabar kuɗi ta fi. Takardar tana da wa'adi, galibi sunan mutum ɗaya take ɗauke da shi, kuma amfani da ita yana buƙatar sabuwar biza da sabon tikitin jirgin sama. Idan kamfanin ya durƙushe, kamar yadda Crystal Cruises ya yi a farkon 2022 bayan rushewar uwar kamfaninsa Genting Hong Kong, mai riƙe da takarda ya shiga layin masu bin bashi. Ka lura da wa'adin zaɓi, domin wani lokaci shirunka ana ɗaukarsa amincewa da takardar.

Sai batun canji, wanda Bature ba ya tunaninsa. Kuɗi suna komawa ta hanyar da suka zo ne. Idan ejan ya biya da katinsa, wajensa za su dawo, da dala. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ba ejan naira a farkon wannan tsakani, aka mayar masa da adadin nairar da ya bayar a ƙarshensa, ya rasa kusan kashi biyu cikin uku na darajar kuɗinsa alhali a takarda an biya shi cif. Ku rubuta tun ranar farko cewa da dala za a mayar, ko da naira a farashin ranar mayarwa. Mafi sauƙi shi ne ka biya da katin asusunka na dala kai tsaye, kuma kada ka rufe asusun kafin kuɗin su shigo.

Mataki na tara: idan an ƙi biya

Ka fara da wasiƙa ga ejan da kamfanin jirgi, mai ɗauke da ranaku da adadi da kwafin takardar sokewa, ka ba su wa'adin mako biyu. Idan kamfani ya ce ya riga ya tura wa ejan, ka nemi shaidar ranar da adadin, domin a nan ne kuɗi suka fi maƙalewa. Idan da kati ka biya, ka je bankinka ka shigar da ƙorafin cewa ba a yi maka aikin da ka biya ba, a janyo kuɗin ta tsarin Visa ko Mastercard. Wa'adin wannan galibi kwana 120 ne daga ranar da ya kamata a yi tafiyar, don haka kada alƙawarin gobe ko jibi ya cinye maka shi. Bankin da bai kula ka ba cikin mako biyu, ana kai ƙararsa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya.

Idan ejan ɗin Najeriya ne ya riƙe kuɗin, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, mai hedikwata a nan Abuja. Sashe na 120 na dokarta ta 2018 ya ba mai saye haƙƙin soke abin da ya kama tun gaba, bisa sharaɗin a cire kuɗin sokewa daidai gwargwado, abin da yake nufin rubutun "ba a mayar da kuɗi" a ƙasan rasit bai isa ya rufe magana ba. Idan ejan ɗin ɗan NANTA ne, wato ƙungiyar kamfanonin shirya tafiye-tafiye ta Najeriya, ka aika musu kwafin ƙorafin. Abin da ya shafi tikitin jirgin sama kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ce take sauraronsa. Duk inda za ka je cikin waɗannan, takardu huɗu za a fara tambayarka: tabbacin rajista mai lambar kamfanin jirgi, sharuɗɗan da suke aiki a ranar da ka biya, shaidar biyan kuɗi daga banki, da imel ɗin sokewa mai ɗauke da kwanan wata. Sharuɗɗan kuwa kamfanoni suna sabunta su a shafinsu lokaci-lokaci, saboda haka ka sauke naka kwafin ka buga shi a ranar da ka ba da kafin alƙalami.